Gishiri, Kalsiyam Kuloraid ko Gilaikol: Wanne Ya Dace da Tankin Injin Ƙanƙara?

Wanda ya yanke shawarar shiga sana'ar ƙanƙara, ko don zafin Maris zuwa Mayu ko don cinikin da kan buɗe a watan azumi, yakan gama maganar kwamfireso da janareta sannan ya tarar da wata tambaya tana jiransa, wato me za a zuba a cikin tankin da ake jera ledoji ko gwangwanayen ruwa. Wani mai haɗa inji zai ce gishirin kasuwa ya wadatar, wani ya ce sai farin sinadarin nan da ake shigowa da shi daga waje, wato kalsiyam kuloraid, wani kuma ya ba da shawarar a rabu da tankin ruwa gaba ɗaya a yi busasshen inji. Kowannensu yana da hujja, amma ba a iya auna hujjojin sai an fahimci abin da narkakken gishiri ke yi wa ruwa, domin a kansa ne duk sauran lissafin ya tsaya.

Abin da gishiri ke yi wa ruwa

Tsabtataccen ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas. Kafin ya daskare dole ƙwayoyinsa su jeru cikin tsari, kuma ƙanƙara ba ta karɓar baƙo a cikin wannan jeri. Idan aka narka gishiri a ruwa, ƙwayoyin gishirin sukan watsu tsakanin na ruwan, su rage yawan waɗanda ke isa jikin ƙanƙara su manne, alhali waɗanda ke ɓallewa daga jikinta suna ci gaba da ɓallewa kamar da. Abin ya yi kama da masu son daidaita sahu a tsakiyar cunkoson kasuwa, ga mutane suna ta ratsawa. Saboda haka sai sanyi ya ƙaru fiye da yadda aka saba kafin jerin ya kankama. Ruwan teku, mai gishiri kusan giram 35 a kowane kilo, ba ya daskarewa sai wajen digiri 2 ƙasa da sifili.

Wani Bature ɗan Ingila, Charles Blagden, ya nuna tun 1788 cewa saukar ma'aunin daskarewa tana bin yawan abin da aka narka, kuma a shekarun 1880 François-Marie Raoult na Faransa ya tabbatar da cewa adadin ƙwayoyin da suka narke ne abin lura, ba irinsu ba. Wannan ne ya sa gishiri ya fi sukari aiki nesa ba kusa ba. Ƙwayar sukari tana da nauyi kuma ba ta rabewa a ruwa, don haka sukari kashi 10 cikin 100 ba ya sauke ma'aunin fiye da kusan digiri 0.6, yayin da gishiri kashi 10 cikin 100, da yake ƙwayarsa ƙarama ce kuma tana rabewa gida biyu, yake sauke shi zuwa wajen -6.6, wato digiri 6.6 ƙasa da sifili. Ko wannan ɗan tasirin na sukari ma ana ganinsa, domin ƙanƙarar zoɓo ko ta kunun aya ta fi ta ruwa zalla laushi, ta kuma fi ta saurin narkewa.

Abin da ya kamata mai inji ya riƙe shi ne gishiri ba ya ƙirƙirar sanyi a cikin tanki. Kwamfireso ne ke zuƙe zafi, kuma aikin ba ƙarami ba ne: mayar da kilo ɗaya na ruwa mai digiri 30 ya zama ƙanƙara mai digiri -10 yana buƙatar cire zafi kusan kilojul 480 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), wanda 334 daga ciki na daskarewar ne kawai. Aikin ruwan gishiri shi ne ya kasance ruwa, bai daskare ba, a sanyin da ya wuce sifili, ya rungume kowace leda ta kowane ɓangare ya kai zafinta ga bututun gas, wato bututun da gas mai sanyi na kwamfireso ke bi a cikin tankin. Ruwa ya fi iska iya wannan dako ƙwarai, shi ya sa injin tanki ke riga busasshen inji mai aiki da iska fitar da ƙanƙara.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma shi ne ke yanke hukunci, shi ne iyakar sanyin da injin ke kaiwa. A nan ba sanyin ruwan tanki ake nufi ba, sanyin jikin bututun gas ake nufi, wanda yakan fi ruwan tankin sanyi da digiri biyar ko fiye. Idan ana son tanki ya zauna a -10, gas ɗin cikin bututu yana iya kasancewa a -15, don haka ana buƙatar haɗin da ba zai daskare ba sai wajen -18. In ba a bar wannan tazara ba, ƙanƙara za ta lulluɓe bututun ta zame masa bargo, kwamfireso ya yi ta aiki yana shan mai, ledojin kuwa suna zaune da ruwa a tsakiyarsu.

Sauran ma'aunan su ne kuɗin cika tanki da na ƙari lokaci-lokaci, da yadda haɗin ke cin ƙarfe, da sauƙin samunsa da haɗa shi da auna ƙarfinsa, sai kuma haɗarinsa ga mai aiki da ga wanda zai jefa ƙanƙarar a cikin abin shansa. Wannan na ƙarshe bai kamata a raina shi ba, domin leda tana hujewa, gwangwani yana tsagewa a wurin walda, kuma duk abin da ke cikin tanki wata rana zai taɓa ƙanƙarar.

Gishirin girki

Wannan shi ne zaɓin da ya fi araha, kuma babu kasuwar da za a rasa shi daga Kano zuwa Maraɗi. Lissafinsa ma mai sauƙi ne. Buhu ɗaya mai kilo 50 a cikin durom mai lita 200 na ruwa yana ba da haɗi kashi 20 cikin 100, wanda ke daskarewa a wajen -16.5. Kilo 54 zai kai shi kusan -18, kilo 60 kuma ya kai shi kusa da iyaka.

Iyakar nan ita ce abin da masu yawa ba su sani ba. Ruwan gishiri yana kai matuƙar ƙarfinsa a kashi 23.3 cikin 100, inda yake daskarewa a -21.1, kuma daga nan duk ƙarin gishiri koma-baya ne. Ruwa yana iya narkar da gishiri har kusan kashi 26 cikin 100 a zafin ɗaki, to amma da zarar ya yi sanyi sai rarar ta fito ta zama tsakuwoyi ta kwanta a gindin tanki da jikin bututu tun kafin a kai -21. Saboda haka al'adar nan ta a yi ta zuba gishiri har sai ya ƙi narkewa ba ta ƙara sanyi, asarar kuɗi ce da tara laka. A ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, an san wannan iyaka sarai, shi ya sa idan sanyi ya tsananta suke komawa ga kalsiyam kuloraid ko magnisiyam kuloraid.

Akwai kuma kuskuren da ke can ɗaya gefen, wato gwaji da ƙwai. Sabon ƙwai yakan taso saman ruwa tun gishiri yana wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100, wanda ma'aunin daskarewarsa bai wuce -7 ko -8 ba. Mai injin da ya ga ƙwai ya taso ya ɗauka haɗi ya yi, ya tsaya ne a rabin hanya, kuma zai ga sakamakon a jikin bututunsa. Abin da ya dace shi ne a auna gishirin da sikeli tun farko, sannan a sayi haidiromita, wato ɗan bututun gilashi mai lambobi da ke iyo a ruwa yana nuna nauyinsa. Haɗi kashi 20 cikin 100 yakan nuna kusan 1.15, na kashi 23 kuma wajen 1.17 zuwa 1.18. Amfanin wannan ma'auni ya fi bayyana da damina, domin ruwan tanki mai sanyi yana zuƙar raɓa daga iska mai laima yana sirkewa a hankali, ga kuma ruwan da ke zuba daga ledojin da suka fashe.

Babban aibin gishiri tsatsa ce. Yana cin baƙin ƙarfe, musamman a daidai bakin ruwa inda iska da gishiri ke haɗuwa, yana huda alminiyam, kuma ko ƙarfen sitenles mai lamba 304 ba ya tsira daga ƙananan ramuka idan ya daɗe a ciki, mai lamba 316 ya fi shi juriya amma ya fi tsada. Ana rage ɓarnar ta hanyar rufe tanki da murfi mai kyau, da daidaita farfelar da ke motsa ruwan yadda ba za ta riƙa kaɗa kumfa ba, da kuma guje wa haɗa ƙarafa iri-iri a tanki ɗaya, domin jan ƙarfe da baƙin ƙarfe idan suka haɗu a ruwan gishiri, baƙin ne ke saurin lalacewa. Ta fuskar lafiya kuwa babu wanda ya kai shi kwanciyar hankali, domin idan ya shiga leda, mafi munin abin da zai faru shi ne ƙanƙarar ta yi gishiri ta ƙi ƙarfi.

A nemi farin gishiri mai tsabta. Gishirin kantu irin na Bilma da ake ba dabbobi yana ɗauke da ƙasa da wasu ma'adanai da za su zama laka. Kanwa kuwa ba ta cikin lissafi sam, domin sinadarin da ya fi yawa a cikinta ba ya sauke ma'aunin daskarewa fiye da kusan digiri 2, ga shi tana cin alminiyam da rufin zinki.

Kalsiyam kuloraid

Shi ma gishiri ne a wurin masana sinadarai, kuma a jikin buhunsa ana rubuta CaCl2. Ƙwayarsa tana rabewa gida uku, yana kuma narkewa sosai, don haka haɗinsa kashi 25 cikin 100 yana kai -29, na kashi 30 kuma wajen -50. Babu inda gishirin girki zai kama ƙafarsa a wannan fage.

Sai dai tambayar ita ce ko injin yana buƙatar wannan zurfin. A sanyi matsakaici, kilo da kilo, bai fi gishirin girki ba. Kashi 20 cikin 100 na kalsiyam kuloraid zalla yana ba da kusan -18, kuma wanda aka fi sayarwa, mai kama da ɓawon sabulu fari, kashi 74 zuwa 77 ne kawai sinadarin, sauran ruwa ne da ke maƙale a jikinsa. Idan aka lissafa, ana buƙatar wajen kilo 35 nasa a lita 100 na ruwa don a sami abin da kilo 27 na gishirin kasuwa zai bayar. Ga shi ba a kowane gari ake samunsa ba, sai wurin dillalan sinadarai a manyan birane kamar Legas da Kano, kuma da yake yawanci daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana hawa da sauka tare da dala. A ganina, wanda tankinsa ba ya sauka ƙasa da -10 ya kuma sayi wannan, ya biya kuɗin sanyin da injinsa ba zai taɓa kaiwa ba.

Inda yake cin kuɗinsa shi ne babban inji mai ƙarfi wanda bututunsa ke kai -20 ko ƙasa da haka. A nan gishirin girki yana bakin iyakarsa, ɗan sirkewa kaɗan ya isa ya daskarar da shi, shi kuwa wannan yana da sarari mai faɗi. Duk da haka bai kamata sararin ya ruɗi mai inji ya riƙa kai tankinsa can ƙasa ba, domin ƙanƙarar da ta daskare da gaggawa takan yi gautsi, ta tsattsage lokacin da aka tsoma gwangwanin a ruwa don a zare ta. Manyan masana'antun ƙanƙara sukan tsara aikinsu ne yadda dunƙule zai ɗauki tsakanin sa'o'i 8 zuwa 24, gwargwadon kaurinsa.

Sarrafa shi yana son kula. Yana fitar da zafi lokacin narkewa, musamman busasshen nau'in mai kashi 94 zuwa sama wanda ke zuwa kamar ƙwayar taki, don haka a riƙa zuba shi cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana motsawa, a bar haɗin ya huce kafin a kunna inji. Buhun da aka buɗe aka bari yakan zuƙi laima ya dunƙule ko ya zama ruwa. Yana busar da fata, yana ƙona ido, yana lalata takalmin fata, saboda haka safar hannu ta roba da tabarau wajibi ne. Ba guba ba ne a ɗan adadin da ka iya shiga leda, ana ma amfani da mai tsabtarsa a harkar abinci, amma yana da ɗaci mai kama harshe wanda mai saye ba zai yafe ba. Tsatsa kuwa tana nan, shi ma yana cin ƙarfe. Kuma kada a gauraya shi da ragowar ruwan gishiri a tanki, domin ma'adanan da ke cikin gishirin kasuwa suna haɗuwa da shi su zama farar laka.

Gilaikol

Gilaikol wani ruwan sinadari ne da ake haɗawa da ruwa don a sauke ma'aunin daskarewarsa, kuma nan ne ya kamata a fi buɗe ido, domin suna ɗaya ya ƙunshi abubuwa masu bambancin rai da mutuwa. Furofilin gilaikol, idan na abinci ne, ba shi da guba a adadin da ake magana, kuma shi ake amfani da shi a masana'antun lemo da madara. Etilin gilaikol, wanda shi ne tushen yawancin ruwan nan mai launi da ake zubawa a lagireton mota, guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da zaƙi yadda yaro ba zai tofar ba. Ɗan'uwansa dayetilin gilaikol shi ne ya gurɓata wani maganin fitar haƙoran yara a Nijeriya a 2008, yara aƙalla 84 suka rasu, kuma irin wannan gurɓata ce aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Da ido ba a bambance su, dukansu ruwa ne garau mai ɗan kauri. Wanda ba zai iya samun furofilin gilaikol a rufaffen durom daga dillalin da ke ba da takardar gwaji ba, gara ya bar wannan zaɓi, kuma ruwan lagireto bai da gurbi a kusa da ƙanƙarar sha ko da kyauta aka ba da shi.

Idan an sami na gaske, fa'idarsa ita ce ba ya cin ƙarfe kamar gishiri, musamman wanda aka haɗa da maganin tsatsa, don haka tanki da bututu sukan daɗe. Haɗin kashi 30 cikin 100 yana kai wajen -13, kashi 40 wajen -21, rabi da rabi kuma wajen -33. Amma shi ne mafi tsada da rata mai yawa, tun da tanki mai lita 200 zai ci kusan lita 75 kafin a kai -18. Yana kuma yin kauri a cikin sanyi, ya wahalar da farfela, ya rage saurin ɗaukar zafi. A buɗaɗɗen tanki kuwa kowace leda da aka ciro tana fita da ɗan kuɗi a jikinta, iska ma tana tsamantar da shi a hankali. Haidiromita ba ta auna shi da kyau saboda nauyinsa ya kusa da na ruwa, sai an nemi rifiraktomita, wato 'yar na'urar da ake ɗiga wa haɗin ta nuna ƙarfinsa ta hanyar haske.

Busasshen inji

Wannan babu tanki, babu haɗi, iska mai sanyi ko farantin ƙarfe ne ke daskarar da ruwan. Babu tsatsar gishiri, babu abin da zai shiga leda. Mai aiki da iska ya fi jinkiri, kuma idan aka ɗauke wuta ba shi da tarin ruwa mai sanyi da zai riƙe aikin na ɗan lokaci kamar yadda tanki ke yi. Mai faranti yana da sauri amma kuɗin sayensa ya fi yawa.

| Zaɓi | Iyakar sanyi | Abin da ake buƙata don kai -18 | Tsada | Cin ƙarfe | Idan ya taɓa ƙanƙara |
|---|---|---|---|---|---|
| Gishirin girki | -21 | kilo 27 a lita 100 na ruwa | mafi araha | sosai | ɗanɗanon gishiri |
| Kalsiyam kuloraid mai kashi 77 | wajen -50 | kilo 35 a lita 100 na ruwa | matsakaiciya | sosai | ɗaci |
| Furofilin gilaikol | -33 a rabi da rabi | lita 37 a lita 100 na haɗi | mafi tsada | kaɗan | babu illa idan na abinci ne |
| Busasshen inji | ya dogara da injin | babu | tana ga kuɗin inji da wuta | babu | babu |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai 'yan firiza biyu ko uku a gida, wanda ke sayar wa maƙwabta da masu zoɓo, ba shi da buƙatar kowane haɗi, kuma kada ya zuba ruwan gishiri kai tsaye a cikin firiza, domin zai huda rufin cikinta ya kai ga bututun gas. Wanda ke da wutar sola ko layin da ke daɗewa da wuta, kuma ba ya son hidimar aune-aune, busasshen inji ya fi masa.

Mai injin tanki haɗin gida, wanda ke aiki da janareta yana son fitar da kaya cikin sa'o'in da mai ya ba shi dama, gishirin girki ne nasa, muddin tankin yana zama tsakanin -8 da -12. Ya auna kilo 54 zuwa 58 a kowane durom, ya mallaki haidiromita da ma'aunin sanyi, ya kuma sa kuɗin fenti da walda a cikin lissafin shekara tun daga farko. Idan ya lura cewa ƙanƙara tana kama bututu alhali haidiromita na nuna 1.17, alama ce injin ya fi ƙarfin gishiri, lokacin komawa kalsiyam kuloraid ya yi, bayan an kwashe tsohon ruwan an wanke tanki. Haka ma mai babbar masana'anta da ke yi wa masu kifi da nama manyan dunƙulaye, da mai yin alawar ƙanƙara mai sukari da madara wadda ke son sanyi mai zurfi, kalsiyam kuloraid ya fi dacewa da su tun farko.

Furofilin gilaikol ya dace da wanda ruwan sanyinsa ke zagayawa a rufaffen bututu, kamar mai sanyaya madara ko yogot, inda ba a asararsa kuma tsabtar abinci ta fi komai. Kowanne aka zaɓa, ruwan da ake ƙullawa a leda ya zama marar gishiri, domin ruwan rijiyar burtsatse mai zartsi yana jinkirin daskarewa kuma yana ba da ƙanƙara mai laushi, sannan tsohon ruwan tanki a zubar da shi nesa da rijiya da lambu, domin yana kashe shuka yana kuma ɓata ruwan sha.